Sabon sikeli a kan tsohuwar babbar manhaja: a gyara zuciyarta ko a dasa mata ɓangare?

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum. A ma'ajiyar wata ƙungiyar manoman auduga da nake kula da kwamfutocinta akwai na'ura mai aiki da CentOS 6, wani nau'in babbar manhajar Linux, wadda zuciyarta (kernel, wato sashen da ke sarrafa kayan na'ura) ita ce 2.6.32 ta shekarar 2009, kuma a kanta kaɗai manhajar lissafin awo take tafiya. Yanzu an sayo sabon sikeli mai haɗuwa ta USB, amma manhajar ba ta ganin sa. Shin in gyara rubutun zuciyar ne, ko in rubuta ɓangare na dabam (module) da za a ɗora mata?

Amsa daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa zuciyar. Tun 1995 Linux take karɓar ɓangarorin da ake ɗorawa da umarnin modprobe, a sauke da umarnin rmmod, ba tare da an kashe na'ura ba. Sai dai ka sani cewa ɓangaren da aka ɗora yana zaune ne a cikin zuciyar, don haka kuskure ɗaya a cikinsa ya isa ya tsayar da kwamfutar gaba ɗaya, kuma da yake Linux ba ta alkawarin barin hanyoyinta na ciki yadda suke, duk sauyin zuciya yana bukatar a sake haɗa ɓangaren. DKMS, wani tsari mai sake haɗa ɓangare da kansa duk lokacin da aka sauya zuciya, yana ɗauke wannan wahalar.

Amsa daga Njamena:
Ɗan'uwa, a ganina ko ɓangaren ma ba lallai ba ne. Sikeli da yawa suna amfani da guntun lantarki (chip) na FTDI ko PL2303 wajen haɗuwa ta USB, waɗanda direbobinsu, wato manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane su, suna cikin 2.6.32 tuntuni, don haka fara duba abin da umarnin lsusb (mai jera kayan USB) da dmesg (mai nuna saƙonnin zuciya) suka nuna. In haka ne, ƙaramar manhaja a wajen zuciya ta wadatar: ta karanta awon, ta mayar da shi tsarin da tsohuwar manhajar ta saba karɓa. In ta faɗi, ita kaɗai ta faɗi, ba a tsayar da awon manoma ba.

Amsa daga Ngaundere:
Tallafin CentOS 6 ya ƙare a Nuwamban 2020, saboda haka a raba na'urar da intanet. Kuma ka kwafi faifan gaba ɗaya kafin ka gwada komai, ganin yadda wuta take ɗaukewa a yankinmu.

Mai tambaya:
Na gode, malamai, Allah ya saka da alheri. lsusb ya nuna FTDI, kuma direbansa, ftdi_sio, ya ɗoru da kansa. Zan kwafi faifan, sannan in rubuta ƙaramar manhajar.