Musayar Waƙa: Waya, Ciniki da Zumunci

Baba Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ya" ne. Bismillah.

Ni na yi zamanin wasiƙa a tasha,
A ba ni ita a Kano bayan isha,
Mai saƙo ya tarbe ni da ruwan sha,
Mu ci tuwo, mu yi hira da dariya.

A 2001 MTN ta sauka,
Layi kaɗai sai mai kuɗi ya ɗauka,
Yau ga ta nan a hannun jikoka,
Suna gabana, idonsu na kan waya.

Da yayata ta rasu cikin azumi,
Wani ɗanmu na nan kusa da Kurmi,
Bai tako ƙafa ba, bai kawo komi,
Saƙon murya ya turo na ta'aziyya.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya jiƙanta, Baba. Amma a yi mini uzuri.

Baba, wannan laifin na yaro ne,
Waya ba ta ɗaure ƙafa, hali ne,
Ni kam a wurina babban kanti ne,
Da ita nake riƙon marayu, gaskiya.

Ban da rumfa a Kwari, ina ɗakina,
In ɗau hoton atamfa kan gadona,
In ɗora WhatsApp, kafin in gama girkina
An saye daga Maraɗi har Zariya.

Alat ya shigo, waya ta yi ƙara,
Ɗan sahu ya zo kafin ƙarfe tara,
A Unguwa Uku direba ya fara
Lodi, kaya su kama tafiya.

Ɗan POS:
Hajiya, kin tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi?

Takardar naira ta yi ɓatan dabo,
Layi a banki tun asuba, ba rabo,
Mai ƙosai ta buɗe asusu sabo,
Ƙosan ɗari ma taransifa ake biya.

Sabis kuwa in ya ga dama ya ɗauke,
Kuɗi sun fita, a hanya sun sarƙe,
Mai kaya ya riƙe ka, kai ka riƙe
Ni, mu wuni a rana muna jayayya.

Malama Daga Gusau:
Ku kuna kukan awa guda. Mu a Zamfara ɗungurungum aka kashe sabis a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga.

Makonni waya na rataye a bango,
Ba a jin amarya, ba a jin ango,
Mai son kira ya hau mota ya yi zango
A wata jiha, ya ce muna lafiya.

Muka koma wasiƙa hannun direba,
Baba, daɗin da ka ce ban gan shi ba,
Majinyaci bai sami kuɗin magani ba,
Ɗansa na Abuja ya rasa hanya.

Baba Tsohon Direba:
'Yata, wannan ban musa miki ba,
Fanshona ma ta nan nake duba,
Yaron Kurmi dai ban yafe masa ba,
Sai ya zo ya durƙusa, ya ji kunya.

Ƙaramin Ma'aikaci:
Iyayena, ku saurari nawa kukan.

Da, in an tashi ofis an tashi,
Yanzu oga na aljihuna, ga shi,
Sha biyun dare ya turo aikinshi,
Alamar na karanta ta hana ni ƙarya.

Na kashe data, sai ya kira kai tsaye,
Na lallaɓa zan amsa a ɓoye,
Uwargida ta farka, ta yaye
Labule, ta ce: "A gaida kishiya."