Musayar Waƙa: Sarki a Amalanke, Sarkin Gida a Kan Doki

Mai Gora:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon Turai za mu, fadar sarakunan Farankawa, waɗanda suka mulki ƙasar Faransa ta yau da yammacin Jamus bayan faɗuwar daular Rum ta yamma. Babban bafadensu da Latin mayor domus ake ce masa, wato babba a gidan sarki. Ni Sarkin Gida zan kira shi. Da kula da barori da gandun sarki ya fara, ya ƙare shi ke naɗa sarkin. Ƙwar huɗu, amsa-amon waje "ki".

Da sunan Allah zan fara,
In kai ku fadar Nasara,
Inda bara ya zam jagora,
Ya bar wa maigida sunan sarki.

Sumar sarki har gadon baya,
Amalanken shanu abin tafiya,
Abin da an biya mai shi yake biya,
Sarkin Gida ko yana bisa doki.

'Yar Kurmi:
Yaya Mai Gora, duk tarihin duniya wannan ka gani?

Wata uku Baba Mai Zaure
Bai ce uffan ba, ya daure,
Makullai duk ka tattare,
Ka zaɓi wannan, ba mamaki.

Na-Damagaram:
Kai! Harbi ɗaya, tsuntsu ya faɗo. 'Yar Kurmi, Allah ya ƙara basira. Mai Gora, ga nasiha daga abin da ya sami wani Sarkin Gidan gabashin ƙasar Farankawa:

Girimwal ya gwada tun fari,
Ya aske yarima da sauri,
Ya jefa shi Ailan tsibiri,
Ya ce ɗansa ne sabon sarki.

Mutan yamma suka yi fushi,
Suka yi dabara suka kama shi,
A Faris aka halaka shi,
Gaggawa ba ta cin yaƙi.

Malam Aruli:
Dakata, ɗan'uwa. An ce "ki", ka kawo "ƙi". Doki da yaƙi ba sa amsa wa juna, ƙugiyar nan ba ado ba ce. Sannan ɗangonka na biyu gaɓa 11 ne, maƙwabtansa 9. Baitin ya gurgunce.

Na-Damagaram:
Allah gafarta Malam, nauyin gaɓa ake aunawa, ba yawanta ba. Kai da ka ɗauki sunan aruli ai ka fi ni sani. Rera shi ka ji.

Malam Aruli:
Na rera. Sau biyu na yi tuntuɓe.

Ɗan Zongo:
Mu a Kumasi ki da ƙi duk abu ɗaya ne a bakinmu. Ni dai na ji daɗinsa.

Malam Aruli:
Bakin Kumasi ba hujja ba ne a rubutacciyar waƙa.

Ɗan Zongo:
To Malam, a kai ƙara Sakkwato.

Mai Gora:
Ku yi haƙuri, na je ɗaurin aure na dawo na tarar an yi mini taron dangi. Ƙanwata, ga naki:

Ƙanwata, ki bi a sannu,
Shal Matel mulki na hannu,
Bai nemi amalanken shanu,
Har ya mutu ba a ce mai sarki.

Sarki ya mutu, gado wofi,
Shekara huɗu ya riƙe da ƙarfi,
Harshenki kuwa ya yi kaifi,
Amma a zauren nan ba kya aiki.

Sarki ya mutu a 737, Sarkin Gida Shal bai naɗa kowa ba, shi ma bai hau ba har ya mutu a 741. Wannan ba riƙon amana ba ne?

Na-Damagaram:
Ka nemi wani gwanin. Shal ɗin nan shi ne ya kara da rundunar Andalus a 732 kusa da Fuwatiye, inda aka kashe Abdurrahman al-Gafiƙi. Ni ba zan yi masa kirari ba.

'Yar Kurmi:
Amana? Yaya, ka ƙarasa labarin mana.

Bai hau ba, amma ga 'ya'ya
Ya raba ƙasar gaba ɗaya,
Kura ce da fatar akuya,
Ɗan kurar ne ya cinye sarki.

Fefin ya aika gun Zakariya,
Fafaroma, faɗa mana gaskiya,
Mai suna ko mai ɗawainiya?
Ya ce mai iko shi ne sarki.

Shildarik suma aka aske,
Aka raba shi da shanu da keke,
Gidan ibada nan ya fake,
Baba, ka leƙo, ka bar ɗaki!

A 751 aka yi haka: Fefin ɗan Shal ya tuɓe Sarki Shildarik ya hau gadon. A gidan sarautar nan doguwar suma ita ce rawani, in an aske ka an tuɓe ka ke nan. Abin dariyar, Shildarik ɗin ma 'ya'yan Shal ne suka lalubo shi suka naɗa a 743.

Ɗan Zongo:
Baiti uku a jere! Ni daga yau ɗan jam'iyyar 'Yar Kurmi ne.

Ɗan Auta:
Ku dai faɗi gaskiya, Yaya Mai Gora ya fi ta kari. Ita habaici kawai ta iya, kuna zuga ta. Wa ke goge tallan masu maganin basir a zauren nan in ba shi ba?

'Yar Kurmi:
Ga Shamakin Mai Gora ya iso.

Goggon Marubuta:
Yaran nan, an ce fadawa, kun maƙale wa mutum ɗaya. Akwai mai riƙe da zoben hatimin sarki, wato magatakarda. Akwai ma'aji, mai tsaron dukiya da kayan ado tare da sarauniya. Akwai mai kula da akushin sarki, da mai kula da abin sha. Tunda 'yata ta ambaci Shamaki, ga labarin wani na gaske daga ƙarni na 6:

Ludas bawa ne ɗan bawa,
Idonsa hayaƙi ke cutarwa,
Aka kai shi burodi gun kwaɓawa,
Ya gudu, ya gudu, ya ƙi aiki.

An kamo shi an tsaga kunne,
Ya faɗa gun sarauniya, gwani ne,
Ta ce dawakina naka ne,
Mai tsagaggen kunne ya zam Shamaki.

Daga barga ya haye har ya zama hakimin birnin Tur. Sai dai wanda ya rubuta labarinsa, Bishof Giregori na Tur ɗin, ba sa ga maciji da juna, don haka a rage wani abu daga zagin. Muƙamin Shamaki da Latin komes stabuli ne, shugaban barga, kuma daga nan kalmar kwanstabul ta 'yan sanda ta fito.

Ɗan Zongo:
Goggo, Allah ya ja kwana.

Ashe kurtun bakin titi
Kakansa na da babban kanti,
Yau ga shi a rana ba ko tanti,
Shamaki ne amma ba doki.

Malam Aruli:
"Kanti" me ya kawo shi nan? Barga ake magana. Neman amsa-amo ya kai ka kasuwa.

Na-Damagaram:
Malam, tun jiya kana riƙe da jan biro. Baitinka nawa a zauren nan? A sa mana a faifai mu gani.

Ɗan Auta:
A nan kam ina bayan Na-Damagaram.

Malam Aruli:
To bismilla. Zamanin Sharlaman ɗan Fefin, fadawa ba zaman fada kawai suke ba, su ke jan runduna. Shekara ta 778, a hanyar dawowa daga Sifen, a tsaunukan ƙabilar Baskawa:

Egihad mai teburin fada,
Da Ansalam alƙalin fada,
Baskawa sun zo da sanɗa,
Suka faɗi tare da Rolan zaki.

Haka a 782 ma'aji Adalgis da shamaki Gailo suka mutu a hannun Saksawa na arewacin Jamus, don sun yi gaggawar afkawa kada wani ya riga su samun suna.

Na-Damagaram:
Allahu Akbar! Jama'a ku zo ku gani! Fada, fada, sanɗa!

Malam mai hana mu ƙugiya,
Ga ta a baitinka ta biya,
Da da ɗa yau sun zama ɗaya,
Likita ne ya kwanta a ɗaki.

Ɗan Zongo:
Malam, barka da zuwa Kumasi.

'Yar Kurmi:
Kuma fada sau biyu. Wannan ba baiti ba ne, kiran sunaye ne a aji.

Malam Aruli:
Amsa-amon ciki yana da rangwame, na waje ne ba shi da shi. Ku bambance.

Na-Damagaram:
A wane littafin? Ko yanzu aka rubuta shi?

Goggon Marubuta:
Ku ƙyale Malam haka nan. Labarin da ya kawo ya fi baitin, a karɓi labarin.

Baba Mai Zaure:
Salamu alaikum. Jikana ne ya ce mini ana neman aske ni.

Jikoki, ni ban ɓace ba,
Aska ba za ta same ni ba,
Sanƙo gare ni, ba suma ba,
Wanzami zai rasa wurin aiki.

Fefin da ya hau ya zauna,
Tsanin da ya taka ya ƙona,
Muƙamin ya soke, don ya auna
Abin da ya yi wa tsohon sarki.

Shi ya sa ba ku ji an ce Sarkin Gidan Sharlaman ba. Aikin aka rarraba wa mai akushi da ma'aji da shamaki da alƙalin fada, kowa ya riƙe guntu. Mai Gora, ɗana, Allah ya yi albarka da wahalar da kake. Wayata ce ta faɗa rijiya, na sayi wata, lambar sirrin zauren kuma ta ɓace mini. Ka turo mini.

'Yar Kurmi:
Ranka ya daɗe! Yaya Mai Gora, muna jira.

Mai Gora:
Baba, barka da dawowa. Yanzu ina kan hanya, sabis ba kyau. In na isa gida zan duba.

Ɗan Zongo:
Wa ke da lambar Fafaroma?

Malam Aruli:
Baba, da girmanka, ɗangonka na huɗu a baitin farko ya ɗan yi tsawo.