Ƙiriniya ce ko abin damuwa? Abin da iyaye da malamai suka ce a Damagaram

A wata tattaunawa da iyaye mata da malaman lakwal suka yi a unguwar Birni, an yarda cewa birgima a ƙasa, ƙin bin magana da ƙwace kayan wasa halin yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ne, kuma yakan ragu idan bakinsa ya buɗe. Sau da yawa yunwa, rashin barci ko zafin bazara ne sanadi.

Inda aka fi daɗewa shi ne alamun da ba a yi musu shiru: yaron da ke azabtar da dabbobi da gangan, ko yake buga kansa da bango, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya soma tsoron wani babba guda ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin yana iya nuna ana cutar da shi a ɓoye, kuma duka ba abin da zai ƙara masa sai rufe baki.

An ba da shawarar a lura ko halin na bayyana a gida da makarantar allo duka. Idan halin ya ɗore fiye da wata 6, a kai yaron asibiti, a fara da duba ko yana ji da kyau.