Nineba ta tuba, me ya sa ta rushe?

Ladi, Maradi: Malamai, a nazarinmu na coci mun karanta Nineba, babban birnin Assuriya, ta tuba a zamanin Yunusa. To, yaya annabi Nahum ya yi shelar halakarta?

Malam Barnaba: Ƴar'uwa, zamanin ba ɗaya ba ne, akwai ratar fiye da shekara 100. Nahum 3:8 ya ambaci faɗuwar No-Amon ta Masar, wadda Assuriyawa suka ci a 663 kafin haihuwar Almasihu. Nineba kuwa ta faɗi a 612, a hannun Babiloniyawa da Mediyawa. Tsakanin nan Nahum ya yi annabcinsa.

Dauda: Haka ne, Malam. Laifin Nineba na cikin Nahum 3:1: zubar da jini, ƙarya, ganima. Kangonta na nan tsallaken kogin Tigiris, daura da birnin Mosul na Iraƙi.