Dokin dogon zango da ya ƙi shan ruwa: me kuka gani?

Mai Kili: Salamu alaikum 'yan uwa. Goɗiyata in muka shiga tseren kilomita 80, ko kallon bokiti ba ta yi sai tafiya ta yi nisa, ga ta sharkaf da gumi. Wa ya taɓa fama da haka?

Mai Akawal: Wa alaikumus salam. Nawa ma haka yake. Likitan dabbobi ne ya warware min: gumin doki ya fi jininsa gishiri, saɓanin namu. Ruwa na fita, sinadaran gishirin jiki, wato sodiyam da kulorayid da fotasiyam, na bin sa, jinin bai ƙara gishiri ba balle ƙishi ya taso. A zafi doki kan zubar da lita 10 zuwa 15 cikin awa guda, amma ka kai shi bakin ruwa ya kau da kai. Ni tun kafin ranar tsere nake jiƙa masa ciyawa, don babban hanjinsa rumbun ruwa ne.

Uwar Dukushi: Malam Mai Kili, kada dai haushi ya sa ka ɗura wa goɗiyar maganin gishirin nan na sirinji alhali ba ta sha ba. Na ga wanda ya yi. Gishirin ya janyo ruwa daga jini zuwa hanji, dokin ya ƙara bushewa, bakinsa ya yi gyambo. Sai ta sha nake ba tawa, kaɗan-kaɗan, in wanke mata baki.

Mai Bidi: Gaskiyarki Hajiya. Abin da ya razana ni shi ne ranar da kwiɓin ingarmana ya dinga harbawa daidai da bugun zuciyarsa, kamar shaƙuwa. Bugun zuciyar ya sauka ƙasa da 64 a minti, yadda ake buƙata a wurin binciken likitoci, na ɗauka mun wuce, amma suka cire mu daga tseren. Ƙarancin kalsiyam ne. Suka kuma gargaɗe ni kan garin da ake ba maruƙa masu zawo, mai baikabonet, bai dace da dokin dogon zango ba.

Mai Akawal: Mai Kili, ka danna dasashinta da yatsa, in jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, dakata. Kuma ko ka gauraya ruwan gishiri, ajiye zallan ruwa a gefe ta zaɓa.

Mai Kili: Na gode ƙwarai. Hajiya, in kin tarar da rafi a hanya tana huci, kina barin ta ta sha nan take?

Uwar Dukushi: Nan take, har ta ƙoshi. In dawakan gaba suka wuce tana sha, hankalinta zai bi su, don haka nakan roƙi abokin tafiya ya ɗan tsaya.