Laftof ɗina na sarƙewa in ina buga gem, kuma ba ni da kuɗin sayen komai

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka min don Allah. Laftof ɗin ta yayana ce, ya bar min ita da zai tafi bautar ƙasa, da sharaɗin furojet zan rubuta, kuma kada in kuskura in kwance ta. Core i5 ce, RAM 8GB, ba ta da katin girafik na daban. Lokacin sanyi gem ɗin ƙwallon ƙafa ta PES 2017 lafiya lau take tafiya, har gasa muke yi da 'yan ɗakinmu, wanda aka cinye shi ke sayen shayi da burodi. Ni ban taɓa saya ba sai makon jiya. Tun da zafi ya shigo, minti goma kacal sai 'yan wasa su koma tafiyar hawainiya, fanka na ihu kamar injin markaɗe. Kada kowa ya ce in sayi wani abu, aljihu ba nauyi.

Injiniya Bash: Wa alaikumus salam. Zafi ne, ba sai an je wajen boka ba. In furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturun Zariya duk tana cikin fankar nan. Sauke manhajar HWMonitor mai nuna zafin kwamfuta, kyauta ce, ka duba zafin kana cikin wasa. Wai a kan me kake ɗora ta?

Ɗan Samaru: A kan katifa, Oga. Ɗakinmu ba tebur.

Injiniya Bash: To ka ji! Ramukan shan iskarta a ƙasa suke, ka toshe mata hanci kana mamakin tana haki. Ɗaga bayanta da littafi, sannan ka kwance murfin ka share fankar da busasshen buroshin haƙori.

Sadik T/Wada: Kada ka kwance! Ni wani mai gyara a PZ na kai wa tawa ya share, na dawo na tarar da sukurori biyu sun ɓace, madannai uku ba sa aiki, har yau rantsuwa yake haka na kawo ta. Kawai ka sake mata Windows.

Injiniya Bash: Sadik, Windows ce za ta share ƙura?

Hafsat Kongo: Ku bar musu. Ka rage gem ɗin daga 1080 zuwa 720, ɗigon hoton da za ta zana bai kai rabi ba. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Startup ka kashe tarkacen da ke tashi da ita, ka rufe Chrome. Kuma ka riƙa jona caja, a kan batir yawancinsu ƙarfi suke ragewa.

Ɗan Samaru: Anti Hafsat, na gwada 720, 'yan wasan kamar an shafa musu hazo. Caja kuma ina wutar? Kwana biyu ke nan.

Sadik T/Wada: Ku kwana biyu ma kuke kuka? Mu taransifomarmu wata guda, an karɓi kuɗi gida-gida, shiru kake ji.

Injiniya Bash: Ƙanena, ka kwance ta ko ka ci gaba da sayen shayi.

Ɗan Samaru: Ai Yaya ya san kowane sukuro nata. Kuma ai lokacin sanyi ma a kan katifar nake ɗora ta. Babu wata manhaja da ke sanyaya kwamfuta?