Me za mu kira "sifonsa" a taron masu barin giya?

Malam Garba, Tudun Wada: Salamu alaikum. Ana shirya 'yar takarda da Hausa don masu son barin giya a nan Zariya, kalma ɗaya ta Turanci ta tsaya mana, wato sifonsa (sponsor). A tsarin Alcoholics Anonymous na masu taimakon juna wajen barin giya, wanda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a Akron ta Amurka a 1935, sifonsa mutum ne da shi ma ya sha ya bari, ya daɗe bai koma ba. Sabon shiga ne ke zaɓarsa, shi kuma ya bi da shi matakai 12 na barin giya da ke cikin tsarin ɗaya bayan ɗaya. An rubuta "mai ɗaukar nauyi", amma bai kwanta mini ba.

Sista Ladi, Wusasa: Malam, a goge shi. Bahaushe na jin ɗaukar nauyi, kuɗi ya ji. Alhali wannan mutumin ba ya ba da rance, ba ya biyan kuɗin haya, ba ya nema wa kowa aiki. Dalili kuwa, da zarar bashi ya shiga tsakani, ranar da mutum ya zame ya sha giya leda biyu a Sabon Gari ɓoyewa zai yi, kuma ranar ce aka fi bukatar ya kira waya. "Ubangida" ma ciwonsu ɗaya.

Ibro Samaru: To a ce abokin gaba mana, tunda yana gaba da shi a tafiyar.

Sista Ladi: Ibro, sake karanta abin da ka rubuta. Maƙiyi ka ba shi.

Ibro Samaru: Kai! To madugu fa?

Baba Audu, Ƙofar Doka: Madugu ayari yake ja, kuma umarni yake bayarwa. Wannan kuwa mutum ɗaya yake riƙewa, ko 'yan kaɗan, kuma ba shi da ikon tilasta komai. Aikinsa a fili yake. A farko su yi waya kullum, a lokacin da suka tsayar, an fi son yamma don sannan sha'awar ke tasowa ga mafi yawa. In kwaɗayin ya taso a kira shi kafin a sha, ya tambaya: ka ci abinci? Ranka a ɓace yake? Kai kaɗai ne? Ka gaji? Waɗannan huɗun kan ja mutum baya. A mataki na 4 mutum ya rubuta laifukansa da waɗanda yake jin haushi, a na 5 ya karanta wa wani, yawanci shi wannan ɗin. A na 8 da na 9 ya lissafa waɗanda ya cuta ya je ya gyara, sai dai in gyaran zai ƙara cutar da su, kuma a nan ne ake bukatar mai cewa "dakata tukuna, matarka ba ta shirya jin wannan ba". An saba son wanda ya yi aƙalla shekara bai sha ba, namiji ga namiji, mace ga mace. Ni jagora nake gani.

Malam Garba: Baba, ba za a ce mun mai da mutum makaho ba?

Baba Audu: Jagoran tafiya ma jagora ne, ɗana. Kuma jagora hanya yake nunawa, ba ya goya kowa. Abin da ake nufi ke nan.

Sista Ladi: Na yarda, amma a sa layi ɗaya a ƙarƙashinsa: jagora ba likita ba ne. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya yanke rana ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara rawa, ga gumi ga amai. Jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko. Daga kwana 2 zuwa 3 wasu kan ruɗe, su riƙa ganin abin da babu, zuciya na bugawa da sauri, kuma wannan yana kisa. A nan mutane kan ce aljanu ne a tafi ruƙiyya. Asibiti za a kai shi, Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a ba shi diyazefam ana ragewa a hankali, da sinadarin tayamin don kare ƙwaƙwalwa. Jagoran da ya ce "daure kawai", ko ya hana mutum shan maganin da likita ya rubuta, ya wuce gona da iri.

Ibro Samaru: Ita ƙungiyar fa? Majalisa?

Baba Audu: Majalisar ce ake son ya bari, wadda ake zagaya ƙwaryar burkutu. Zumunta ta fi, 'yan'uwanmu Kirista sun daɗe da ita a Zumuntar Mata, Musulmi ma ba baƙuwarsa ba ce. Zaman kansa a ce taro: kamar awa ɗaya, sunan farko kawai, ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin. A gari irin Zariya da kowa ya san gidan kowa, wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne zai kawo mutum ko ya kore shi. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta yi a 2020, da ta haɗa nazari 27, ta nuna tsarin Alcoholics Anonymous ya kai sauran hanyoyin magani wajen barin sha gaba ɗaya, wani wurin ma ya fi.

Malam Garba: To na rubuta jagora, zumunta, taro. Sista, turo mini alamomin nan a taƙaice in sa su a shafin farko, kafin a kai wa mai buga takarda a PZ.